Yadda ake gano kabarin tsohon sojan Burma a makabartar ƙauye, a gyara shi ya daɗe

A ƙauyuka da yawa na Arewa akwai gidan da har yau ake kira gidan Saje, ko gidan Kofur, ko gidan Samanja. Mai gidan ya je yaƙin Hitila, ya dawo daga Burma a 1946, ya koma gona ko ya kama aikin ɗan doka, ya tsufa, ya rasu, aka kai shi makabartar bayan gari kamar kowa. Jikokinsa suna da hotonsa sanye da kaki, wataƙila har da mindarsa a cikin tsohuwar adaka, amma in aka ce su nuna makwancinsa sai a shiga kallon juna. Ruwan sama yana cin tudun kabari kaɗan-kaɗan kowace damina, waɗanda suka tsaya a bakin ramin ranar jana'iza kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da tudun ya baje, kuma babu sauran mai shaida, masu haƙa za su ɗauka fili ne.

Aikin ceto irin wannan kabari kashi biyu ne, na takarda da na ƙasa, kuma da na takarda ake farawa. Wanda ya fara da shebur, sau da yawa kabarin wani yake gyarawa.

## Wane ne shi, wane yaƙi ya je

A gida duk tsohon soja "ya je Burma", alhali yaƙe-yaƙen da yawa ne. Lissafin shekaru yana raba gardama. Wanda ya yi faɗa a Burma a 1944 an haife shi wajen 1926 ko kafin nan. In an haife shi bayan 1935, to ko dai aikin kiyaye zaman lafiya na Kwango ya je, tsakanin 1960 da 1964, ko yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. In kuwa tun kafin mulkin kai ya riga ya zama dattijo, a duba yaƙin duniya na farko, wanda sojojin Nijeriya suka yi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan a Afirka ta Gabas.

Manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma ne suka je Burma, ta 81 da ta 82, dukansu an kafa su a Nijeriya a 1943, kuma akwai sojojin ƙasar Gana ta yanzu a cikinsu. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, ita ce ta yi faɗa a kwarin kogin Kaladan. Na ta 82 mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, ta bi yankin Arakan, rundunonin biyu kuma suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Nijeriya an ware su a ƙarshen 1943 aka haɗa su da dakarun Cindit na Janar Wingate, masu faɗa a bayan layin Japanawa. Daga can sunayen barikoki irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Cindit a Zariya, Arakan da Dodan a Legas suka samo asali. Saboda haka in wata tsohuwa a gidan ta ce marigayi yana yawan ambaton wani baƙon suna, a rubuta shi daidai yadda ta furta, ko da bai yi kama da komai ba. Sau da yawa sunan kogi ne ko ƙauyen da bataliyarsa ta bi.

Shaida mafi ƙarfi ita ce littafin sallama daga soja. A ciki akwai lambar soja, muƙami, bataliya, ranar shiga da ranar fita. Takardar fansho ma tana ɗauke da lambar. Minda tana taimakawa, amma da iyaka. Tauraruwar Burma mai kusurwa shida ce, ƙyallenta ja a tsakiya, baƙin shuɗi a gefe da ratsin ruwan lemo. Tauraruwar Afirka ƙyallenta ruwan yashi ne da jan ratsi a tsakiya, ita ce ta waɗanda suka yi yaƙin Somaliya da Habasha a 1941. Sai dai mindar yaƙin duniya na biyu da Ingila ta raba yawanci babu suna a jikinta, don haka tana nuna fagen yaƙi ne kawai. Ta yaƙin farko kuwa an buga suna da lamba a bakinta ko a bayanta. Kada a goge ta da toka ko yashi don ta yi ƙyalli, rubutun ne zai tafi.

Littafin sallama kada a kai shi a manne shi da leda a inji. Zafi da gam suna shiga takardar, kuma ba a iya cirewa har abada. Kada a liƙa yagaggen shafi da salatif. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa mai haske, a sa littafin a ambulan na takarda, a ajiye a akwatin ƙarfe sama da ƙasa saboda gara.

In dangi sun ce ya tafi bai dawo ba, a nemi sunansa a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, wato CWGC, kyauta ne. Tana lissafa waɗanda suka mutu a bakin aiki daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. A makabartar Taukkyan, arewa da Yangon, akwai bango mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. A gwada suna ta fuskoki da yawa, Garba da Garuba, Audu da Awudu, kuma a tuna akawun bariki sau da yawa sunan gari ko na ƙabila yake rubutawa a gurbin sunan uba. Wanda ya dawo gida ya rasu bayan 1947 ba zai fito a can ba, kuma wannan ba ya nufin bai je ba. Nasa sai a bi ta reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. A Nijar, inda aka yi soja ƙarƙashin Faransa, ƙaramin littafin soja da katin tsohon mayaƙi ne ke maye gurbin littafin sallama.

Shekarar rasuwa kuwa da abin da ya faru ake kamo ta. A tambayi dattawa: kafin a koma tuƙi ta hannun dama ne, a 1972? Kafin naira ta maye fam, a 1973? Bayan kisan Murtala, a Fabrairun 1976? Lokacin Maitatsine, a Disambar 1980? Shekarar tana nuna ɓangaren makabartar da ake binnewa a lokacin.

## Izini

Kada mutum ya shiga makabarta shi kaɗai da shebur da tef ɗin awo, balle da magariba. Mutane suna tsoron masu tonon kabari don tsafi, kuma zargi irin wannan yana iya jawo duka kafin a saurari bayani. A fara da babban gidan marigayi, sannan mai unguwa ko dagaci, sannan liman da kwamitin makabarta in akwai. A yi aikin da rana, tare da ɗaya daga masu haƙar kabarin garin. A yi sallama ga mazauna wurin, a bi tsakanin kaburbura, kada a taka ko a zauna a kansu, kada a jibge kayan aiki a kan na maƙwabta. Tuɓe takalmi ladabi ne, amma ranar saran ciyawa a sa dogon takalmin roba. Malamai sun yi rangwame inda akwai abin cutarwa, kuma tsohuwar makabarta matattarar kububuwa ce da gamsheƙa.

## Gano wurin

A nemi dattawa uku da suka halarci jana'izar, a kai kowa shi kaɗai, a rana dabam in da hali. In an tafi da su tare, wanda ya fi girma zai nuna, sauran su ce haka ne. Kowa ya shiga ta inda aka shiga da makara a wancan lokacin, ya faɗi abin da ya tuna: wane itace ne a kusa, wa aka binne kafin shi, wa aka binne bayansa. Jerin maƙwabta ya fi komai amfani, don a ƙauye a jere ake binnewa, kuma dangin maƙwabcin suna iya sanin nasu.

Sai a duba ƙasa. A ƙasar Hausa kabarin Musulmi yana miƙe ne kudu da arewa, kai a kudu, fuska gabas. Da hantsi kafin rana ta ɗaga, ko da la'asar sakaliya, a durƙusa a dubi ƙasa a kwance: haske mai zuwa ta gefe yana fito da tudu ko kwarin da bai fi yatsa biyu ba. Bayan ruwan sama a nemi inda ruwa ya kwanta a dogon siffa mai kamar mita 2. Ciyawa tana fin kauri a kan tsohon rami, kuma tsingaron tukwane a sama alama ce.

Kada a soka rodi ko sanda a ƙasa don a ji rami. Keta alfarmar mamaci ne, kuma ramin da rodin ya bari ƙofar ruwa ce.

In shaidu uku sun nuna wuri ɗaya, an samu. In sun saɓa, a rubuta gaskiya: yana cikin waɗannan kaburbura uku, daga nan zuwa nan. A gyara ukun duka. Ya fi a zaɓi ɗaya da ka a ɗora masa sunan da ba nasa ba.

## Awo da rajista

Waya tana ba da lambobin wuri, a Google Maps ko wata manhaja, kuma a rubuta su. Amma kuskurenta a fili mita 3 zuwa 5 ne, ya fi haka a ƙarƙashin itatuwa, alhali tsakanin kabari da kabari bai kai mita 1 ba. Waya za ta kai mutum unguwar, tef ne zai kai shi ƙofar gida.

A samo tef na magina mai mita 30 ko 50. A zaɓi abubuwa uku da ba sa motsi: gindin kuka ko tsamiya, falalen dutse, kusurwar katanga, bakin rijiya. Kada su kasance a gefe ɗaya. Mafi kyau ɗaya ta gabas, ɗaya ta arewa, ɗaya ta wani ɓangaren, don in biyu suna layi ɗaya da kabarin, kuskuren taƙi ɗaya a awo yana zama kuskuren kabari guda. A auna daga kowanne zuwa wajen kan kabarin, inda za a kafa dutsen alama, tef a miƙe, a rubuta har santimita. A rubuta daga wane gefen itacen aka kama. Na ukun ajiya ne, saboda itace yana faɗuwa, katanga tana rushewa.

A littafi mai kauri a rubuta suna da laƙabi, lambar soja, bataliya, shekarar rasuwa, awon nan uku, ƙaramin zane mai nuna arewa, sunayen maƙwabtan kabarin ta kowane gefe, da sunayen shaidu da ranar da suka nuna. A yi kwafi uku: gida, liman ko dagaci, da hoto a wayar mutum biyu aƙalla. Biro ko fensir, ban da maka, don tawadarta tana dushewa kuma tana narkewa da laima.

## Ciko

Kafin a zuba ƙasa a fahimci abin da ya sa kabari ke ruftawa. Ana haƙa babban rami, sannan ƙarami a tsakiyarsa inda ake kwantar da mamaci, a rufe ƙaramin da itace ko tukwane, a toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. In gara ta ci itacen ko tukwanen suka fashe, ƙasar sama ta faɗa ciki. Wannan yana faruwa a shekarun farko, sannan ya lafa. Don haka kabarin shekara 40 da ya rufta bana ba tsufa ne ya rufta shi ba. Ko ruwa ya sami hanya ta ƙarƙashi, ko gafiya ta yi rami, ko saiwar itace ta ruɓe. In ba a gano dalilin ba, cikon bana zai bi na bara.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ruwan farko ko na biyu, ƙasa ta yi laushi amma damina ba ta zauna ba. A tsakiyar rani ƙasa ba ta daɓuwa sai da ruwa mai yawa, a Agusta kuwa taɓo ake tattakawa.

Ƙasar a ɗebo ta daga wajen makabarta. Kankare gefen kabari don a tara a tsakiya shi ne kuskuren da aka fi yi: yana rage tudun maƙwabci, kuma yana barin kwari a gefe inda ruwa zai kwanta ya jiƙa ramin. Yashi zalla ruwa yana kwashe shi. Baƙar laka tana tsagewa da rani, ruwan farko ya bi tsagar har ƙasa. Ƙasar bola da taki ciyawa suke kira. Jar ƙasa mai ɗan tsakuwa ake so. A jiƙa ta kaɗan a dunƙule a hannu: in ta kama jikinta, amma ta fashe da aka sake ta daga tsayin ƙugu, ta yi. In ta manne kamar ƙullun tukunya, a gauraya kwano 3 nata da kwano 1 na yashi.

Ga lissafi. Kwanon sarki 4 suna cika baro ɗaya, kuma kwano 56 zuwa 60 ne ke cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita 1 ne. Ramin da ya rufta mai tsawon mita 2, faɗin santimita 60, zurfin santimita 30, zai ci kwano 20. Tudun da za a ɗora a kai, mita 2 da santimita 80, zai ci kamar 14. Ƙasa tana raguwa in an daɓe ta, don haka a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu. Jimla kwano 42 zuwa 45, baro 11 ke nan. Ruwa jarka 2 masu lita 25 sun isa in ƙasar da ɗan danshi.

A fara cire ciyawa da ganye daga ramin da hannu ko manjagara, ban da diga. A zuba ƙasa kaurin santimita 10, a yayyafa ruwa, a daɓe da madaɓi na katako a hankali daga gefe zuwa tsakiya, mai daɓen yana tsaye a waje. A sake zuba wani santimita 10. Wanda ya juye baro 11 lokaci ɗaya ya daɓe sama kawai, cikin yana nan sakwaf, kuma ruwan Agusta zai nuna masa. Kada a kwarara ruwa da bokiti don ƙasa ta zauna da wuri, yana jan ƙasar ne zuwa cikin ƙaramin ramin.

Tsayin tudu taƙi ɗaya ne, santimita 20 zuwa 25. Shi ne abin da sunna ta nuna, kuma shi ne ya fi jure ruwa, don tudu mai tsini gefensa yana zubewa. A yi masa doro mai sauƙin gangara, a baje ƙafarsa ta haɗu da ƙasa ba tare da gaɓa ba. A ƙarshe a shimfiɗa tsakuwa kaurin yatsa biyu, kwano 4 ko 5. Ita ke karɓar dukan ɗigon ruwa, wanda shi ne ke fara warware ƙasa. A ɗora ƙayar magarya ko farar ƙaya saboda awaki da karnuka.

In an tarar ƙashi ya fito, a dakata. A rufe da farin ƙyalle, kada a ɗauki hoto, a kira liman, a mayar da shi wurinsa a rufe cikin mutunci.

Masu hali sukan so su zuba kankare su huta. Hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya hana yi wa kabari shafe da farar ƙasa, da yin gini a kansa da zama a kansa. Ko ta fuskar aiki ma siminti ba ya biya. Ƙasa tana ci gaba da zama a ƙarƙashinsa, sai kogo ya buɗe inda ido ba ya gani, gafiya da maciji su tare. Ruwan da ya sauka a kansa yana zubowa gefe da ƙarfi ya ci kaburburan maƙwabta, ya kuma rarake ƙarƙashin simintin har ya tsage. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

## Ruwa, itace, wuta, dabba

A je makabartar ana tsakiyar ruwa, ko da zarar an ɗauke, a ga ta ina yake shigowa. Yawanci ta hanyar shanu ne, ko kunyar gonar da ke sama, ko turbar ƙafa da ta ratsa ciki. A can sama ake tare shi. A cikin tsohuwar makabarta ba a haƙa lambatu, don babu inda za a rantse ba kowa a ƙasa. Abin da ake yi shi ne jera duwatsu a saman ƙasa, a gicciye da gangara, tsayin santimita 20 zuwa 30, manya a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakani ta gefen da ruwa ke zuwa, kamar yadda manoman Nijar ke yi a gonaki. Jerin ba ya tsayar da ruwa, yana karya ƙarfinsa ne ya sa ya sauke ƙasar da ya ɗauko. Dole layin ya daidaita. A auna da siririn tiyo mai ruwa irin na magina. In gefe ɗaya ya fi ƙasa, duk ruwan can zai taru ya fasa, a sami kwazazzabo inda da babu.

Bayan jerin a dasa jema. Saiwarta ƙasa take nutsawa a miƙe, ba ta yaɗuwa gefe. A raba tushe zuwa 'ya'ya biyu ko uku, a datse ganye ya rage santimita 20, saiwa santimita 10, a dasa a layi ɗaya da tazarar santimita 10 zuwa 15 a farkon damina. In tazarar ta yi faɗi, ruwa zai bi giɓin. A bar aƙalla mita 1 tsakaninta da kabari mafi kusa.

Ƙaramin itace da ya tsiro a kan kabari, musamman darbejiya, a yanke shi daidai ƙasa. Kada a tumɓuke, saiwar za ta taho da rufin. Zai yi toho, a riƙa yankewa duk wata har ya gaji ya mutu, sannan a cike gurbin. Manyan itatuwa irin kuka da tsamiya da kanya a bar su, su ne alamun awo, sai dai a sare busasshen reshe a sauke shi da igiya.

Kada a ƙone ciyawa a ciki. Wuta tana barin ƙasa tsirara ga iskar hunturu da ruwan farko, tana cinye alamun itace, tana fasa dutse. A yanke da lauje a bar saiwa ta riƙe ƙasa, a kwashe waje. Bayan girbi a share fili mai faɗin mita 3 a kewaye saboda wutar daji. In babu kuɗin katanga, shingen aguwa ko dashi ko cini-da-zugu yana tare dabbobi, yana kuma nuna iyaka ga mai gonar da ke ƙara kunya ɗaya kowace shekara. Rassa ake kafawa gab da faɗuwar damina, tazarar santimita 30. A kiyaye ido daga ruwan aguwa.

## Alama

Sa dutse a wajen kai yana da asali. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye dutse a kan kabarin Usman bin Maz'un don ya riƙa gane shi. Rubutu kuwa akwai ruwayar Tirmizi da ta hana, malamai kuma sun yi saɓani a kan rubuta suna kawai don shaida. A bi abin da limamin garin ya ce.

Ta fuskar daɗewa, allon katako gara ce ke cinye shi, allon ƙarfe fentinsa yana ƙonewa a rana, shi kansa kuma 'yan jari-bola suna tsinkewa da shi. Dutse mai tauri, irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, mai tsawon santimita 40 zuwa 50, ba ya da kasuwa kuma ba ya ruɓewa. A kafa shi ta kudu, a wajen bakin ramin, a nutsa santimita 15 zuwa 20 kawai, a cusa tsakuwa a daɓe. A zaɓi mai siffar da za a gane, a sa hotonsa a rajista.

## In kabarin mai allon dutse ne ko siminti

Sojojin Burma da yawa Kiristoci ne daga ƙasar Zuru, Filato, kudancin Kaduna da Adamawa, Hausa ce harshensu na bariki, kuma kaburburansu a makabartun majami'a suna da allo mai rubutu. Akwai kuma tsofaffin makabartun zamanin Turawa irin na Zungeru da Lokoja. Nan abin da ke kashe rubutu yawanci wanki ne.

A fara shafa dutsen da yatsa. In farin mabul ne kuma yana zubar da gari kamar sukari, ko an ƙwanƙwasa a hankali an ji holoƙo, ko yana ɓarewa, kada a wanke shi sam. In lafiyayye ne, a zo da sassafe kafin ya yi zafi, da ruwa mai tsabta jarka 2, burushi mai laushi irin na roba, da tsinken itace. A jiƙa shi sosai tukuna, a kankare gansakuka da itacen, a goge a hankali daga ƙasa zuwa sama don kada dattin ruwa ya zana layi a busasshen wuri, ana yi ana ɗauraya. Ban da burushin waya, soson ƙarfe, sanfefa da injin wankin mota. Ban da bilic da omo, don suna barin gishiri a cikin ƙofofin dutse, in ya bushe ya kumbura ya ɓare fuskar. Ban da ruwan batir da lemon tsami da duk wani abu mai tsami, don suna narkar da mabul da siminti. A Amurka masu kula da kaburburan soja suna fesa wani ruwa mai suna D/2, mai kashe gansakuka a hankali cikin makonni. In babu shi, ruwa zalla ya wadatar, kuma wanki ɗaya a shekaru da yawa ya isa.

Rubutun da ya dushe ba a cika shi da alli ko fenti. Mutum ɗaya ya riƙe madubi ya karkato hasken rana ya shafi fuskar dutsen ta gefe, wani ya ɗauki hoto. Haruffan da ido bai gani ba za su fito da inuwarsu. A kwafe abin da aka gani kawai, inda harafi ya ɓace a bar gurbi.

Allon da ya karkata kada a ture shi da ƙarfi, a gindi yake karyewa. Mabul mai tsawon mita 1, faɗin santimita 33, kaurin santimita 10, ya kusa kilo 90. A tokare shi da katako, a kwashe ƙasar gefen da za a mayar da shi, mutum uku su miƙar da shi, a cusa tsakuwa da yashi a daɓe. Kada a dasa shi cikin kankare, don kankaren ya fi shi tauri kuma yana riƙe laima, sai dutsen ya tsinke daidai bakinsa. In ya riga ya karye, a tattara gutsattsarin a ajiye a wurin a kan katako. Allon da ke ƙarƙashin CWGC, ko wurin da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da shi, ba a taɓa shi, hoto ake ɗauka a sanar da su.

A damƙa kulawar a hannun mutum ɗaya da sunansa, a rubuta a rajista, da wanda zai gaje shi. Ziyara uku a shekara ta isa: bayan ruwan farko mai ƙarfi don a toshe tsaga da ramin gafiya, tsakiyar Agusta don a duba jerin duwatsu, da bayan girbi don yankan ciyawa. Sabon ciko yakan zauna da yatsa biyu ko uku a daminar farko, a ƙara masa kwano 3 ko 4. Duk lokacin da aka binne wani a kusa, ko ɗaya daga itatuwan awo ya faɗi, a sake awon a gyara kwafi ukun a mako guda.